Me ya sa wani jirgin dakon jiragen yaƙi ke shekara 50, wani kuma 20?

Malamin Tarihi:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ga wata magana da nake so masana inji su warware mana. A 1942 Ingila ta zana wasu ƙananan jiragen ruwa masu dakon jiragen yaƙi, ta ba masu ƙera jiragen 'yan kasuwa aikinsu, da niyyar su yi shekara 3 ko su kai ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, sannan a watsar da su. Guda 16 aka fara, 10 samfurin Colossus, 6 samfurin Majestic. Ɗaya daga cikinsu, Vengeance, an gama shi a 1945, ya yi wa Ingila aiki, ya yi wa Ostareliya, Barazil ta saye shi ta raɗa masa Minas Gerais, kuma ba a sauke masa tuta ba sai 2001. Shekara 56 ke nan. Shi kuwa Eagle, wanda ya ninka shi girma, ga sulke, ga babban gyaran da aka yi masa daga 1959 zuwa 1964, a farkon 1972 aka ajiye shi, yana da shekara 20 kacal a bakin aiki. Ni a ganina dangi ne suka raya na farkon. Jirgin da yake da 'yan'uwa da yawa ba ya rasa kayan gyara.

Injiniyan Tururi:
Wa alaikumus salam Malam. Ka taɓo wurin. Duk jiragen nan kayan cikinsu ɗaya ne: tukwanen tururi 4 samfurin Admiralty masu ganga 3, injin tabain 2 na Parsons, farfela 2, ƙarfin doki 40,000, gudu not 25, wato kimanin kilomita 46 a awa. Ban da Ingila, ƙasashe 7 suka yi amfani da su: Faransa, Holan, Kanada, Ostareliya, Indiya, Ajantina da Barazil. To dubi yadda kayan suka riƙa yawo. Leviathan ba a taɓa gama shi ba, yana ɗaure a Ingila da sababbin injina da ba su taɓa aiki ba. A shekarun 1960 aka ciro su aka sa wa Karel Doorman na Holan, wanda ɗakin tukwanensa ya yi gobara a 1968, ragowar Leviathan kuma aka sayar wa masu yanka a wannan shekarar. Karel Doorman ya koma Ajantina da sunan Veinticinco de Mayo. Da shi ma ya kwanta, sai aka riƙa cire masa kaya ana kai wa Minas Gerais. A can gefe kuma, Kanada ta ajiye Bonaventure a 1970, a 1971 aka sake gina majaujawar Melbourne na Ostareliya, wato na'urar da ke harba jiragen sama daga kansa, da kayanta. Daidai yadda ake yanka mota a Panteka don a tayar da 'yar'uwarta.

Mai Zane:
Malam, Injiniya, ku yi haƙuri, ban yarda da wannan hukunci gaba ɗaya ba. Sydney na Ostareliya ma ɗan gidan ne, kayan gyaransa ba su yanke ba, amma tun tsakiyar shekarun 1950 ya daina tashin jirage, ya ƙare yana jigilar sojoji zuwa Biyetnam. Magnificent Kanada ta mayar wa Ingila shi a 1957, bai sake aiki ba. Abin da ya raba waɗanda suka daɗe da waɗanda suka mutu da wuri shi ne abubuwa 3 da Ingila ta ƙirƙiro a farkon shekarun 1950, kuma duk wanda bai samu ukun nan ba, jirage masu injin jet sun wuce da saninsa.

Na farko karkataccen layin sauka, shawarar Kyaftin Dennis Cambell a 1951. Kafin nan dandamali miƙaƙƙe ne, ana sauka a baya, ana jera jirage a gaba, da raga a tsakani. Jet yana zuwa da gudu, injinsa kuma ba ya amsa wuta nan take, saboda haka in ƙugiya ta kuskure waya sai raga, in ya tsallake raga sai cikin jiragen da ke fake da mai a cikinsu. Da aka karkatar da layin zuwa hagu, matuƙi yana taɓa dandamali sai ya ba da wuta gaba ɗaya: in ya kama waya ta tsayar da shi, in ya kuskure ya tashi ya sake zagayowa. Antietam na Amurka aka fara gina wa na gaske a ƙarshen 1952. Na biyu majaujawar tururi ta Colin Mitchell, wadda aka gwada a kan Perseus, shi ma ɗan gidan. Na uku madubin sauka na Nicholas Goodhart, mai nuna wa matuƙi ko ya yi sama ko ya yi ƙasa da layin gangarowa. Melbourne da Bonaventure da Vikrant na Indiya an gama su da ukun a jiki. Karel Doorman an sake gina shi daga 1955 zuwa 1958, Minas Gerais daga 1957 zuwa 1960 a Holan. Zane ne ya fara ba su rai, kayan gyara daga baya suka zo.

Ɗalibin Injiniyanci:
Barkanku da hira iyayena. Injiniya, ina neman ƙarin bayani a kan majaujawar nan. Me ya hana a ci gaba da ta haidirolik, kuma mene ne yake lalacewa a ta tururi har ake neman kayanta a wata ƙasa?

Injiniyan Tururi:
Ƙanena, ta haidirolik wayoyi da kura-kurai ne ke jan jirgin, kuma su kansu wayoyin sai an harba su tare da shi sannan a tsayar da su. Jirage na ƙara nauyi, wayoyin na ƙara kauri, har aka kai inda ƙarfin ke ƙarewa wajen jan wayar kanta. Ga kuma haɗarin man. A watan Mayun 1954 man majaujawar Bennington na Amurka ya yi yoyo, ya zama feshi, ya kama wuta, mutum fiye da 100 suka mutu. A shekarar ne Hancock ya zama jirgin Amurka na farko mai ta tururi.

Ita ta tururi ga yadda take. Silinda 2 ne dogaye kwance a jere ƙarƙashin dandamali, kowace da tsaga a samanta daga farko har ƙarshe. Fistin 2 suna ciki, hannuwansu sun fito ta tsagar sun haɗu da wani ƙarfe da ke gudu a saman dandamali, shi ne ake maƙala wa jirgi. Tsagar kuwa wani dogon ƙarfe mai lanƙwasuwa ke rufe ta, fistin yana ɗaga shi a gabansa yana mayar da shi a bayansa, kamar zif. Tururi yana taruwa a wata babbar tanki mai ruwan zafi, a daidaita bawul gwargwadon nauyin jirgin da ƙarfin iskar da ke kaɗawa, matuƙi ya ba da wuta, wani ƙarfe yana riƙe da jirgin ta baya har sai jan ya kai adadin da aka tsara sannan ya saki. A ƙarshen layi kowane fistin yana da tsini kamar mashi da ke shiga wata silinda cike da ruwa, ruwan ne birkin, cikin kamar mita ɗaya da rabi yake tsayar da shi. Samfurin C-13-1 na Amurka tsawon tafiyarsa wajen mita 94 ne, na Melbourne kuwa mita 30 da 'yan kai.

Wuraren lalacewa sanannu ne. Ƙarfen da ke rufe tsaga yana cinyewa, tururi ya riƙa tserewa. Silinda guntu-guntu ake haɗa ta, in jerin ya goce ko da kaɗan ne fistin zai riƙa gurzar bango. Dole a ɗumama ta awoyi kafin aiki, domin ƙarfe yana miƙewa da zafi, kuma tururin da ya shiga silinda mai sanyi ruwa yake komawa. In famfon birki bai cika ruwa ba, fistin zai daki ƙarfe tsirara. Mafi muni shi ne bawul ya ƙi buɗewa yadda ya kamata, jirgi ya kai bakin dandamali ba shi da gudun tashi, ya faɗa gaban jirgin da ke tafe. Melbourne ya rasa jirgin yaƙi samfurin Skyhawk a 1980 saboda matsalar majaujawa. Don haka bayan kowane babban gyara ba a ɗora mutum sai an harba kurar ƙarfe mai nauyin jirgi cikin ruwa an auna gudunta.

Kada kuma a manta da ruwa. Harbi ɗaya a babbar majaujawa yana cin tururi fiye da rabin tan, kuma ba ya dawowa. Harbi 100 ya haura tan 50 na ruwan da aka tace daga teku. Na'urar tace ruwa ta kwanta, tashin jirage ya kwanta.

Malamin Tarihi:
Abin da ya faru da Veinticinco de Mayo ranar 2 ga Mayun 1982, a yaƙin Falkland tsakanin Ajantina da Ingila, ya shiga nan. An shirya Skyhawk su kai wa jiragen Ingila hari da asuba, iska ta ɗauke, aka fasa. A ranar Ingila ta nutsar da jirgin ruwan yaƙin Ajantina General Belgrano, Veinticinco de Mayo kuma ya koma kusa da gaɓa bai sake fitowa yaƙin ba.

Injiniyan Tururi:
Lissafin mai sauƙi ne Malam. A misali, jirgi da bama-bamansa yana bukatar iskar not 130 a fukafukansa, majaujawa tana ba shi 105. Ragowar 25 dole su fito daga gudun jirgin ruwan da iskar Allah. In tsofaffin tukwane ba sa iya wuce 20, iska kuma ta tsaya, sai dai a rage bom ko a rage mai. Kuma tukwanen da ke tura farfela su ne ke ciyar da majaujawa, kowane harbi daga gudun jirgin ake zaftare shi. Mai Zane, ka ga a nan zane da lafiyar tukunya ba su rabuwa.

Hajiyar Sito:
Sannunku da ƙoƙari. Ina ganin gardamar za ta yi sauƙi in an raba kayan gyara gida uku, domin ba matsayinsu ɗaya ba. Akwai masu ƙarewa kullum: gasket, sil, boris, matata, wayar tsayar da jirgi. Waɗannan kowace ƙasa mai masana'antu za ta iya yi in tana da zanen. Akwai masu zagayawa: famfo, bawul, mota mai lantarki, waɗanda ake cirewa a sa wani, a kai shi wurin gyara ya dawo sito. Sai na ukun, wanda ba a sa ran zai lalace, amma in ya lalace jirgi ya tsaya cak: farfela, shaf, babban giya, gangar tukunya, silindar majaujawa. Yin ɗaya daga cikinsu yakan ɗauki shekara ko fiye, kuma in kamfanin ya rufe ko ya zubar da mazubinsa, shi ke nan. A wannan gida na uku ne kaɗai maganar Malam ta dangi take da cikakken ƙarfi.

Dubi Charles de Gaulle na Faransa, shi kaɗai ne a samfurinsa. A Nuwamban 2000, yana gwaji a Tekun Atlantika, farfelarsa ta hagu mai tan 19 ta karye. Da aka bincika sai aka ga ramukan iska a cikin zubin, kuma sauran farfelun da aka yi tare da ita suna da irin wannan aibin. Me aka sa masa? Farfelun ajiya na tsofaffin jiragen Faransa, Clemenceau da Foch. Gudunsa ya sauko daga not 27 zuwa wajen 25, haka ya yi ta aiki har 2008 kafin ya samu nasa. Ko cikin dangi ma, ɗan bambanci yana kashewa. A samfurin Midway na Amurka guda 3, Franklin D. Roosevelt injinansa na wani kamfani ne dabam da na 'yan'uwansa, kuma shi aka fara ajiyewa a 1977, alhali Coral Sea ya kai 1990, Midway 1992.

Mai Walda:
Hajiya, gangar tukunya da kika ambata ita ta kusa hana Vikrant shiga yaƙin Indiya da Pakistan na 1971. A 1970 aka gano tsagewa a cikin gangunan ruwa na tukwanensa, aka yi odar sababbi daga Ingila, yaƙi kuma ya matso ba su iso ba. Wani zai ce a yi walda mana. Ba ta yiwuwa a irin wannan wuri. Ganga ƙarfe ce mai kauri, jikinta cike da ɗaruruwan hujojin bututu, tsagewar gajiya kuma tsakanin huji da huji take bi, ba ɗaya ba ce, da yawa ne ƙanana. Kafin walda sai an ɗumama ƙarfen, bayanta sai an gasa gangar gaba ɗaya an bar ta ta huce a hankali don ta saki, wanda ba a iya yi tana ɗaure a cikin jirgi. In an liƙa haka kawai, gefen waldar ya taurare, can sabuwar tsagewa za ta fito. Abin da Indiyawa suka yi shi ne suka ɗaure gangunan da ɗamarar ƙarfe, suka sa ragar waya don kare ma'aikata, suka rage gudu zuwa wajen not 14, da haka ya tafi Tekun Bengal ya harba jiragensa Sea Hawk da Alizé. Abin da ke jawo irin wannan tsagewa shi ne yawan hurawa da kashewa cikin gaggawa, da gishiri in ya saci hanya ya shiga ruwan tukunya.

Ɗalibin Injiniyanci:
Wayar sauka fa? Hajiya ta sa ta cikin masu ƙarewa.

Injiniyan Tururi:
Waya biyu ce, mutane suna ɗauka ɗaya ce. Wadda ake gani a gicciye, kaurinta kusan inci ɗaya da rabi, sifirin yana ɗaga ta 'yan inci daga dandamali don ƙugiya ta samu shiga. Ita ake duba bayan kowace sauka, ana ƙirga silin da suka tsinke, kuma a jiragen Amurka ana canja ta bayan sauka wajen 125 ko da ba ta nuna komai ba. Cikin 'yan mintoci ake yi. Ta biyun doguwa ce, ta bi ta kan kura-kurai ta gangara ƙasa zuwa injin, inda take tura wani babban fistin, shi kuma ya matse ruwan gilaikol ta cikin bawul mai tsukewa a hankali. Kafin kowane jirgi ya sauka sai an saita bawul ɗin da nauyinsa. An saita da nauyi alhali jirgin marar nauyi ne, fizgar za ta yi masa yawa, ƙugiya ko jikinsa ya ji. An saita da sauƙi alhali mai nauyi ne, fistin ya kai ƙarshe jirgi bai tsaya ba, waya ta tsinke ta share dandamali. A 2016 hakan ya faru a kan Eisenhower saboda kuskure wajen gyaran injin, ma'aikata 8 suka ji rauni. A shekarar kuma Kuznetsov na Rasha ya rasa jirage 2 a gaɓar Siriya ta dalilin wayoyin nan. Kan doguwar wayar ma aikin hannu ne: a warware silin, a wanke su tas daga giris, a zuba narkakkiyar tutiya a cikin soket, sannan a ja a gwada. Giris kaɗan ya rage, tutiya ba za ta kama ba.

Ɗan Lantarki:
A dawo kan Eagle, Malam, domin shi ya ba da, ba shi ya karɓa ba. Gwamnatin Ingila ta soke sabon jirgin CVA-01 a 1966, aka zaɓi ɗan'uwan Eagle, Ark Royal, aka gyara shi daga 1967 zuwa 1970 don ya ɗauki jiragen yaƙi samfurin Phantom, da allunan kare wutar inji masu sanyaya da ruwa. Eagle ba a ƙarasa masa wannan ba, duk da jikinsa ya fi lafiya. Daga 1972 yana ɗaure a Plymouth ana kwashe masa kaya har 1978, shekarar da Ark Royal ya yi tafiyarsa ta ƙarshe. Dalilin da ya sa Ark Royal ya dogara da shi haka shi ne lantarki. An zana su lokacin yaƙi da wutar DC, duniya kuma ta koma AC. Motocin famfo, na fanka, na'urorin kunna su, burushin kabon, duk kamfanoni sun daina yi. Rada da sababbin na'urori kuma AC suke so, sai aka ƙara janareto da injinan juya wuta, jirgi ɗaya ya zama da tsarin waya biyu, kowane da nasa kayan ajiya.

Mai Zane:
To ai kun dawo kan maganata. Kuɗi da siyasa suka kashe Eagle, amma abin da ya sa gyaran jiragen Ingila masu sulke yake da tsada zane ne. Dandamalinsu shi ne ƙashin bayan jirgin, rumfar jirage kuma gajera ce. Don a ɗaga rufin Victorious sai da aka yanke shi har zuwa daɓen rumfar. An fara a 1950, aiki ya yi nisa sannan aka ga tukwanen ba za su kai ba, aka sake farke abin da aka gina don a canja su, ba a gama ba sai 1958. Shekara 10 bayan nan aka ajiye shi. Samfurin Essex na Amurka kuwa dandamalinsu ɗorawa aka yi a sama, ana iya cire shi a sake, kuma guda 24 aka gina, shi ya sa Lexington ya kai 1991 yana koyar da matuƙa. Ƙari ma yana da iyaka. Midway an yi ta ɗora masa nauyi har ya nutse fiye da kima, a 1986 a Yokosuka ta Japan aka faɗaɗa cikinsa don ya taso. Ya taso ɗin, amma faɗin ya sa yana komowa da sauri in igiyar ruwa ta karkatar da shi, tangaɗinsa ya ƙaru, sauka a kansa ta ƙara wuya.

Hajiyar Sito:
Na yarda da kai a rabi, Mai Zane. Amma yanka ɗan'uwa ma ba magani ba ne na dindindin, domin kayan da aka ciro sa'an wanda ya lalace ne. Leviathan ya yi amfani ne don injinansa sababbi ne. Clemenceau kuwa da aka ajiye a 1997 ya yi shekara 36 yana aiki kafin a fara ciro wa Foch kayansa. Barazil ta sayi Foch a 2000 kan dala miliyan 12, ta sa masa São Paulo. A 2005 bututun tururi ya fashe ya kashe ma'aikata, a 2012 gobara, kwanakinsa a teku ba su taka kara sun karya ba, a Fabrairun 2023 aka nutsar da shi bayan Turkiyya ta ƙi karɓarsa saboda asbesto. Har yau kuma ana yi: a Amurka an ɗebo kaya daga John F. Kennedy lokacin da ake gina shi an sa wa Gerald R. Ford, a Ingila an ɗebo daga Prince of Wales yana kwance da matsalar shaf an kai wa Queen Elizabeth.

Mai Walda:
Shi ya sa kayan da aka ciro ba a ɗaura shi kai tsaye. A fara duba lambar zane, domin 'yan'uwa biyu bayan shekara 20 na gyare-gyare a tashoshi dabam ba lallai bawul ɗinsu ya zauna a kujera ɗaya ba. A kankare fenti da tsatsa, a auna kaurin bango da na'urar sauti, musamman a gwiwar bututu inda tururi ke ci. A shafa jan ruwan gano tsagewa a kan walda da bakin fulanji. Sannan a gwada da ruwa, ba da tururi ba, a kai matsin ninki ɗaya da rabi na wanda zai yi aiki da shi, domin ruwa in ya samu kafa tsiyaya yake yi, tururi kuwa fashewa. Gasket da kusoshi sababbi ake sawa, ba a maimaita tsofaffi. Shi kuma jirgin da ake ciro wa kayan, a tsiyaye tukwanensa a busar da su, a toshe bakin duk bututun da aka buɗe, a sa na'urar tsotse laima a ɗakunan inji, a riƙa juya shaf da tabain lokaci-lokaci don kada su lanƙwashe a kan boris, kuma duk abin da aka cire a rubuta shi da lambarsa da ranar da ya fita.